Ranar da Yaya Ta Tsallaka Yarinyar Sara

Ni fa ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini rubuta labari. A shagon caji na koya, nan bakin tashar Birnin Kudu, janareta na ruri a bayana, wayoyin mutane jere a gabana. Aikina in sa waya a caji, in tura wa mutane fim a kati. To kafin ka tura wa mutum fim ai sai ka leƙa ka gani, a nan na fara haɗuwa da masu shan jinin nan na Turawa, farare fat, da fiƙa a baki, wai ba sa son rana. Sun burge ni ƙwarai, amma na ce a raina waɗannan ba su san garinmu ba. Wanda ke gudun rana a Birnin Kudu ina zai sa kansa?

Sai tunani ya zo mini. Me zai hana in yi tamu? Mace, 'yar sandan ciki, tana yawo da hijabinta cikin mutane ba wanda ya san ko wace ce. Ba ta iya rayuwa sai da jini, amma ba ta taɓa kashe kowa ba. In aka yi kisa a gari, sai ta je ta dangwala yatsa a jinin ta lasa, nan take ta san na wane ne, ta san abin da mai jinin ya gani kafin ya faɗi. Wallahi ranar da wannan ya faɗo mini a rai har wayar wani na ba wa wani, aka yi ta rigima. Ban sa mata suna ba. Na bar ta tana ba da labarin da bakinta, tana cewa “ni”, “na je”, “na gani”. A lokacin gani nake wannan gwaninta ce kawai.

Wadda na fara karanta wa ita ce Yayata. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ta girme ni sosai, ni ne auta. Da sikila aka haife ta. Ta yi aure bai daɗe ba ta dawo gida, tana zaune tare da ni da Inna tana ɗinkin hula. Siririya ce, idanunta ɗorawa-ɗorawa, ba ta son sanyi ko kaɗan, da damina ta kama sai ka gan ta da safa da rigar sanyi a tsakar gida. In ciwon ya tashi sosai sai an kai ta babban asibiti an ƙara mata jini. Asibiti za su ba ta, amma sai ka kawo mutumin da za a ɗibi nasa a mayar. Babanmu ya rasu, Inna ta tsufa, ni kuma duk sanda aka gwada ni sai a ce nawa bai kai a ɗiba ba. Saboda haka 'yan tasha ne ke rufa mana asiri, 'yan acaɓa da direbobin Kano waɗanda suka san Baba. In na ce “Yaya ce”, mutum zai kashe babur ya biyo ni. Da jinin mutanen nan Yayata take raye, wannan kowa a gidanmu ya sani.

Na karanta mata babin farko ina ta kumbura. Ban kai rabi ba ta ajiye hular, ta yi dariya har tana riƙe haƙarƙari.

“Auta, tsaya. Gawa na kwance a tsakar gida, ita kuma ta shiga ɗaki ta tsaya gaban madubi tana yabon wuyanta?”

“To ai kyakkyawa ce, dole a faɗa.”

“Wa ya tambaye ta? Kai ne kake kallonta, ba ita ke kallon kanta ba. Kuma ka ce ta bi ɓarawo a guje da zani. Ka taɓa gudu da zani?”

“Ban taɓa ba.”

“Ga na Inna can a igiya, ɗaura ka zagaya gidan nan in gani.”

Ban ɗaura ba, amma na goge zancen madubin daga labarin. Daga ranar ta zama kamar mai duba mini aiki. Ita ta gaya mini cewa in mace ta shiga gidan rasuwa ba fuskar masu kuka take kallo ba, madafi take leƙawa. Gidan da mutuwa ta zo musu ba zato, za ka tarar da tukunya a kan murhu an manta da ita har ta ƙone. Gidan da aka san za a yi, za ka ga an yi shara, an cika randa, an ɓoye kwanukan kirki. Na ce Yaya wannan ai shi ne binciken gaba ɗaya. Ta ce in rubuta in daina surutu.

Wata rana da hantsi na tambaye ta abin da na daɗe ina jin nauyin tambaya. Na ce yaya mutum yake ji in jinin wani yana shiga jikinsa. Ta soke allura a hular ta ɗago.

“Sanyi ne,” ta ce. “Kamar an ɗebo ruwan randa ana zuba maka a jijiya. Yana hawa hannu a hankali, ya zo kafaɗa ya tsaya, kamar baƙo a zaure yana jiran a ce shigo. Sannan ka ji ƙarfe-ƙarfe a bakinka. Daga nan kuma sai mai jinin ya iso.”

“Wane mai jinin?”

“Wanda aka ɗiba a jikinsa mana. Ka tuna lokacin da na dame ku a sayo mini goro? Ni da ko warinsa ba na so?”

Na tuna. Kuma na tuna direban da ya biyo ni a wannan karon, haƙoransa jawur da goro. Na ce mata ai ba lallai nasa aka sa mata ba, nasa ajiyewa ake, a ba ta wani. Ta ɗaga kafaɗa ta ci gaba da ɗinki. Har yau ban san ko tsokanata take yi ba. Na dai ɗauki waya na rubuta shi kamar yadda ta faɗa, ban canza ko kalma ɗaya ba.

Akwai wata mai lalle a Gwaram da ke da gurup na mata masu karatun littafi a waya. Na samu lambarta a wurin wata mai kawo caji, na fara tura mata babi-babi, ita kuma tana sakawa. Ban ce ni mace ce ba, ban ce namiji ba ne, ita ma ba ta tambaya ba. In mata suka yi magana sai ta turo mini saƙonninsu in ji. Kai, wannan lokaci ya yi mini daɗi. Wata ta ce tun da ta fara karantawa ba ta iya tsayawa a yanka kaza a gabanta. Wata ta ce ta je gaisuwar mutuwa a Unguwar Ya ta tsinci kanta a madafi tana leƙa tukunyar mutane. Wata Hajiya ta ce wannan shirme ne, a ji tsoron Allah, washegari kuma ita ce ta fara tambayar ina ci gaba. Akwai wadda kullum maganarta ɗaya ce: “Wai matar nan ba ta da saurayi ne? Ko a jinin ma ai sai a haɗu.” Ina kunna wa Yaya muna ta dariya, tana cewa kar in kuskura in ba ta saurayi, aiki ya yi mata yawa.

Ana nan sai mai lallen ta kira lambar don ta ce “'yar'uwa” ta daina jinkiri. Na ɗaga na yi sallama. Da ta ji muryar namiji sai ta ce:

“Ba wa matar gidan.”

“Hajiya, ai ni ne.”

“Kai ne wa?”

“Mai rubutun.”

Ta kashe. Kafin la'asar gurup ya kama da wuta. Wasu suka ce an yaudare su, sun saki jiki suna maganar mata a gaban ƙato. Wata ta ce in dai da gaske namiji ne, to a cikin zannuwa ya tashi. Wata ta ce ƙarya ne, namijin da ba ya ganin gishiri yana gabansa shi zai san zancen tukunya a gidan rasuwa? Wasu kuma suka tsaya mini, suka ce mata nawa ne suka rubuta maza ba wanda ya ce komai. Ni duk wannan daɗi yake yi mini, gani nake an yarda na iya.

A cikin saƙonnin akwai wani gajere. Muryar mace ce, a hankali take magana, ana jin kukan akuya a bayanta. Ta ce, “Ni ba zancen tukunya ya dame ni ba. Wurin nan da jini yake hawa hannu ya tsaya a kafaɗa. Wannan ba a ƙirƙirarsa. Wanda ya faɗi wannan ya ɗanɗana. In shi bai sha ba, to wace ce a gidansu?”

Na kunna wa Yaya. Wannan karon ba ta yi dariya ba. Ta ce in sake kunnawa, na sake. Ta ce, “Wannan ta iya karatu.”

Garinmu ba shi da girman da za a rasa gidan mai shagon caji. Ba a daɗe ba aka san ina da yaya, aka san launin idonta, aka san ba ta cika fita ba, aka san tana zuwa asibiti a rataya mata leda. Jarumata kuma ba ta da suna. Wurin da na bari babu kowa, mutane suka ɗauki Yayata suka zaunar a ciki. Mu ba mu san nisan da maganar ta yi ba. Na dai lura maƙwabciyarmu ta daina aiko yara ɗiban wuta.

Farkon damina aka yi suna a dangin Inna a garin Sara, Yaya ta matsa sai ta je, ta ce ta gaji da kallon katanga. A gidan sunan ta ga wata yarinya 'yar maƙwabta, ba ta fi shekara bakwai ba, tana zaune gefe sauran yara na wasa. Yaya ta kira ta, ta riƙe hannunta ta duba yatsun, ta ja fatar idonta ƙasa ta leƙa. Sai ta juya ta ce wa uwar, “Yarinyar nan ba ta da jini. Ku kai ta a duba.” Inna ta ce uwar fizge 'yarta ta yi ta tura ta bayanta. Daga baya muka gane uwar ce mai muryar nan da akuya ke kuka a bayanta.

Wanda bai tashi a wajenmu ba sai na yi masa bayani kaɗan. Mu mai shan jininmu ba shi da fiƙa. Maye ne ko mayya, kurwar mutum yake kamawa ya ɗaure, mutum ya yi ta ramewa yana fari har ya tafi. In aka zargi wani, sai a kawo marar lafiyar a kwantar a gabansa a ce ya tsallaka. Wai in ya tsallaka ya saki kurwar ke nan. Matsalar ita ce babu ƙofar fita. In ka ƙi, an ce ka ƙi saki. In ka tsallaka aka warke, an tabbatar kai ne. In aka mutu, ka riga ka cinye.

Kwana kaɗan bayan sunan, ina gida na dawo cin abinci, rana ta take, gari ya yi tsit, ko kaji sun shige inuwa. Sai muka ji mota ta tsaya a ƙofar gida, aka kashe ta, ba a yi sallama ba. Na fita. Ƙaramar motar haya ce ta Gwaram. Wani dogon mutum baƙi, manomi, hannunsa kamar faranti, yana shimfiɗa tabarma a daidai bakin zaurenmu. Ya koma mota ya ɗauko yarinyar nan ta gidan suna ya kwantar. Ban taɓa ganin mutum mai rai da fari irin wannan ba. Leɓɓanta kamar an shafa toka, tafin ƙafarta kamar takarda, numfashinta sama-sama. Uwar na tsaye ta rufe rabin fuska da mayafi. Kafin in ce wani abu layinmu ya cika, kuma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ba mai hayaniya. Tsaye kawai suke suna kallon ƙofarmu.

“Malam, lafiya?” na ce.

“Kai ne mai rubutun?”

“Ni ne.”

“Ba da kai na zo ba. Kira mini yayarka. An yi wa yarinyar nan hayaƙin magani don ta faɗi wanda ya kama ta, ta ce matar nan mai rawayan ido. Ba faɗa na zo ba. Ta tsallaka kawai mu koma.”

Na fara rantse-rantse, ina cewa labari ne, ni na ƙirƙira, a shagon caji na rubuta, ga wayar ma a duba. Wani dattijo maƙwabcinmu ya ce a ji tsoron Allah, wannan ƙazafi ne, a kai yarinya asibiti. Uban ya ce cikin ladabi, “Baba, ciwon asibiti daban, wannan daban. Allura ba ta kwance ɗauri.” Uwar ta yi magana daga cikin mayafi, na gane muryar nan take. “Kai ka rubuta, mun ji. Wa ya gaya maka?”

Ban ji fitowar Yaya ba, inuwarta kawai na gani a gefena. Ta sa farin hijabinta, da safa a ƙafa cikin wannan zafin. Inna na bayanta tana riƙe mata hijabi tana cewa ta dawo, kar ta fita. Mutanen gaba suka ja da baya kaɗan. Yaya ba ta kalli kowa ba, yarinyar take kallo, ta daɗe tana kallonta. Ni na san abin da take gani, domin mun sha ganinsa a jikinta. Yarinyar ba ta da sauran lokaci mai yawa.

“Malam,” ta ce, “in na tsallaka a nan ba abin da zai faru.”

“Don me?”

“Kurwarta ba ta gidan nan. Kana tsammani a ɗakin uwata zan ajiye?”

Inna ta saki hijabin ta zauna a ƙasa. Ni kuwa na juya na kalle ta. Ba muryar Yaya ba ce wannan. Muryar jarumata ce, yadda take magana a hankali in ta ritsa mai laifi, yadda ni da ita muka yi ta gyarawa a tsakar gida. Wata mata a cikin taron ta fara salati ƙasa-ƙasa.

“Tana ina?” uban ya tambaya.

“Inda nake cin abincina. Matarka ta karanta, ta sani. Tana asibiti, a cikin leda, a wuri mai sanyi. Ka ɗauke ta mu je yanzu. A can zan tsallaka, a can za a mayar mata da abinta ta hannu. In ka tsaya gardama har la'asar, ba ruwana.”

Ko minti ɗaya bai ƙara ba. Ya naɗe yarinyar da tabarmar gaba ɗaya ya sa a mota. Direban ya ƙi yarda Yaya ta shiga motarsa, sai na ɗauke ta a babur ɗin maƙwabci muka bi su a baya. A hanya na ce, “Yaya, me kika yi?” Ta ce, “Kalli gabanka, akwai rami.”

A barandar asibiti uban ya sake shimfiɗa tabarmar, ya ce ba mai taɓa 'yarsa sai an yi abin da aka zo yi. Wata nas ta fito tana tambayar me ake jira. Yaya ta tattare hijabinta, ta dafa kafaɗata domin ƙafarta na ciwo, ta ɗaga ƙafa a hankali ta tsallaka yarinyar. Wallahi a daidai lokacin yarinyar ta buɗe ido ta kalle ta. Na san motsi ne ya tashe ta, na sani sarai, amma ni ma sai da gabana ya faɗi. Nas ɗin ta sunkuce ta ta yi ciki. Aka ce jini, aka gwada uban, aka ɗiba.

Yarinyar ta tashi. Aka tabbatar musu sikila ce, aka ba su magani, aka faɗa musu ranar dawowa. Amma labarin da ya koma Sara, ya shiga Gwaram, ya zagayo tasharmu, gajere ne: ta amsa da bakinta, ta tsallaka, yarinya ta warke. Mai lalle ta daina saka labarina. Masu kawo wa Yaya ɗinkin hula suka aiko a ba su kayansu ko ba a gama ba. In ta fito zubar da ruwa sai ka ga ana janye yara. Inna ta daina zuwa biki. Na ce wa Yaya bari in rubuta gaskiyar abin da ya faru in tura ko'ina. Ta ce in rubuta mana, amma in tuna su waye za su karanta.

Ƙarshen damina aka yi ruwa mai sanyi kwana da kwanaki, ciwon ya kama ta da ƙarfi irin wanda muka daɗe ba mu gani ba. Muka kai ta da safe. Likita ya duba ya ce jini, kuma kar a ɓata lokaci. Na ruga tasha kamar yadda na saba.

Na fara da ɗan acaɓan da ya fi kowa zuwa mana. Na ce, “Yaya ce.” Bai kashe babur ba. Ya ce yana da fasinja, alhali ba kowa a bayansa. Direban goron nan ya ce mura yake yi. Wani ya ce matarsa ta sa shi ya rantse. Wani matashi a rumfar mai shayi ya ce, “Marubuci, ka rubuta mata leda biyu a waya mana, ka tura mata.” Aka yi dariya, amma ba da ƙarfi ba, kuma ba wanda ya haɗa ido da ni. Wani dattijon direba abokin Baba ya ja ni gefe ya ce, “Ɗana, ni ban ce ita ce ba. Amma duk wanda ya ba ta a baya yanzu lissafin ciwukansa yake yi.” Na zagaya tashar har na rasa wanda zan tara. Na koma ɗakin gwaji na miƙa hannuna na ce a sake gwada ni. Aka gwada, aka ce bai kai ba.

Ina fitowa na gan shi. Yana zaune a benci a ƙarshen baranda, ya naɗe hannun riga, ya danne auduga a gwiwar hannu. Dogon manomin nan na Sara. Gefensa wasu maza biyu masu kama da shi, su ma da auduga. Na ƙarasa wurinsa.

“Malam, yarinyar ce ba lafiya?”

“Lafiyarta ƙalau. Tana gida.” Bai kalle ni ba. “Uwarta ta gani a waya cewa yayarka ta kwanta, kuma ba wanda ya ba ta. Na ce to in yunwa ta yi mata yawa ina za ta nufa? Na ɗebo ƙannena muka taho.”

“Malam, wallahi Yayata ba mayya ba ce. Ciwonsu ɗaya da 'yarka. Abin da ta faɗa ranar nan don ka kawo ta asibiti ne.”

“Likita ma ya ce ciwon gado ne. Na ji, ban ƙaryata shi ba.” Ya ɗaga audugar ya duba, ya mayar. “Amma ina tsaye ta tsallaka, yarinya ta buɗe ido. Ni ba na son gwaji da 'yata. Ka gaya mata duk sanda ta ji tana so, ta aiko. Mu muna da yawa a gidanmu, kuma muna da ƙarfi. Ta sha namu, ta bar mini yarinya.”

Na buɗe baki in sake magana, na tuna Yaya na ciki leɓɓanta sun yi toka. Na rufe. Na ce Allah ya saka da alheri. Ya ce amin, ya tashi, ƙannensa suka bi shi. Ko leƙa ɗakin bai yi ba.

Da yamma aka rataya ledar. Na zauna ina kallon jan abin nan yana bin roba yana shiga hannunta, ina ƙoƙarin ganin lokacin da zai tsaya a kafaɗa. Can ta buɗe ido. Na gaya mata wanda ya zo da abin da ya ce, ban rage komai ba. Na zaci za ta yi kuka. Sai ta yi ɗan murmushi ta ce, “To ka ga jarumarka ta samu mai ciyar da ita. Ba saurayi ba ne dai, kar matar nan ta yi murna.”

Tun daga lokacin bai taɓa fashi ba. Ba ma aika masa, shi yake ji ya zo, wani lokaci da ƙani, wani lokaci da ɗan yayansa. Ba ya gaishe ta, ba ya shiga inda take. In ya kawo 'yarsa ganin likita suka haɗu a baranda, sai ya sa yarinyar a ɗaya gefen, ita kuma ta leƙo ta bayansa tana yi wa Yaya murmushi. Ni kuma na ci gaba da rubutuna, wata mata a Kano ce take sakawa yanzu, masu karatu sun fi na da. Har yanzu suna gardamar ko namiji zai iya rubuta mace, ina jin su ina jin daɗi, ba na sa baki.

Amma bari in koma wannan yammar, don akwai abin da ban faɗa ba. Ledar ta kusa ƙarewa, hadari ya haɗo ta gabas, aka yi wata tsawa mai nisa. Yaya na kwance idonta a rufe, sai na ga ta ɗaga hannunta wanda ba allura, ta kife tafin a iska kamar tana rufe wani abu.

“Yarinyar nan tsoron tsawa take yi,” ta ce. “In an fara, ubanta ne yake toshe mata kunne. Hannu ɗaya yake sawa ya rufe mata kai gaba ɗaya.”

“Wa ya gaya miki?”

Ba ta buɗe ido ba.

“Yaya, nasa fa ajiyewa aka yi. Wannan na wani ne.”

“To,” ta ce. “Ciro wayarka, Auta. Ka rubuta tun mai jinin bai tafi ba.”